Tallafin gyaran wuraren shaƙatawa a garuruwan Amurka

Ɗan'uwa, ka tambayi inda garuruwan Amurka ke samo kuɗin gyara wuraren shaƙatawa. Da yawansu wurin gwamnatin jiha suke nema, ita kuma ta raba musu daga asusun tarayya na kiyaye filaye da ruwa, wato LWCF, da aka kafa a 1964. Kuɗin da kamfanoni ke biya na haƙar mai a teku ne ke cika shi, kuma tun 2020 doka ta tabbatar masa dala miliyan 900 duk shekara.

Sai dai dole gari ya kawo rabin kuɗin aikin, nan ne ƙananan garuruwa ke shan wuya. Sharaɗin da ya fi burge ni shi ne ba a mayar da filin da aka gyara da kuɗin asusun ya zama shaguna ko gidaje, sai an nemi izini an musanya shi da wani makamancinsa.