Ina tsoron kujerar likitan haƙori, ko akwai ƙwayar da zan sha kafin a taɓa ni?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina neman shawara. Haƙorina na turmi ya yi kogo, ya daɗe yana damuna, an ce sai dai a yi ciko ko a cire, amma ni da na ji ƙarar injin nan nasu sai jikina ya kama rawa gumi ya keto min, na sha zuwa har bakin ƙofa in juyo. Wata ta ce min akwai ƙwayar da ake ba mutum ya sha hankalinsa ya kwanta har a gama bai sani ba. Gaskiya ne? Kuma zan iya saya in sha da kaina kafin in tafi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Wannan tsoron ba raki ba ne, muna ganin shi kullum har a wajen manyan maza, kuma illarsa ita ce mutum ya yi ta ɗaga zuwa har ƙaramin kogon da ciko zai magance ya koma ƙurji mai ruwa.

Eh gaskiya ne akwai ƙwayar. Yawancinsu 'yan gida ɗaya ne da ake kira benzodiazepine, irinsu diazepam wanda aka fi sani da Valium tun da ya shigo kasuwa a 1963, da lorazepam, da midazolam, da triazolam wanda likitocin haƙori a Amurka suke yawan amfani da shi duk da cewa Ingila ta janye shi daga kasuwa tun 1991. Aikinsu shi ne su ƙara ma wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, shi wannan sinadarin dama shi ne birkin ƙwaƙwalwa, toh sai faɗuwar gaba ta ragu, jiki ya saki, gyangyaɗi ya zo. Ana sha kamar minti 30 zuwa awa 1 kafin a fara aiki.

Amma a maganar ƙawarki akwai gyara. Ba sumar da ke za a yi ba irin na tiyata, kina farke, kina numfashi da kanki, in likita ya ce buɗe baki za ki buɗe. Abinda ya sa mutane suke cewa "ban san an yi ba" shi ne maganin yana hana ƙwaƙwalwa ajiye abinda ya faru bayan an sha shi, sai mutum ya tashi washegari ya kasa tuna rabin abin. Sannan ƙwayar ba ta kashe zafi ko kaɗan, dole sai an yi miki allurar kashe wurin a dasashi, irin su lidocaine, sai dai lokacin ba za ta dame ki kamar da ba, kuma ki roƙa a fara shafa miki man da ke kashe saman dasashin kafin a soka.

Toh maganar saya ki sha da kanki, a'a, dan Allah kar ki yi, kuma nan ne nake so ki tsaya ki saurare ni sosai. Raunin ƙwaya shi ne in ta wuce maƙogwaro ba ta dawowa. Maganin da ake bayarwa ta jijiya likita yana turawa kaɗan-kaɗan yana kallon mutum, da ya ga ya isa sai ya tsaya, ita kuwa ƙwaya gaba ɗaya ake haɗiye ta, kuma jiki ba ɗaya ba ne, adadin da wata za ta sha ta ce ba ta ji komai ba shi wata za ta sha ta yi nisa har numfashinta ya fara yin ƙasa, ga shi kuma wani lokacin tana jinkirin kamawa sai mutum ya ce bari in ƙara ɗaya, daga baya biyun su haɗu su taso masa lokaci guda. Shi ya sa inda ake yin abin yadda ya kamata ake auna hawan jini, a maƙala miki 'yar na'ura a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini, a ajiye tukunyar oksijin kusa, da kuma allurar flumazenil wadda ke karya ƙarfin maganin. Ita ma flumazenil ɗin ƙarfinta kan ƙare cikin kamar awa 1, maganin barcin ya fi ta daɗewa a jiki, don haka ko an yi ta sai an ci gaba da sa ido. Ki tambayi likitan kai tsaye ko yana da waɗannan kayan, ba rashin kunya ba ne.

Akwai kuma abubuwan da dole ki faɗa masa ko bai tambaya ba. In kina da juna biyu ko kina shayarwa. In kina minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa cikin barci, ko ciwon huhu da ya daɗe, ko ciwon hanta, ko ciwon ido na gilakoma, ko cutar raunin tsoka ta myasthenia gravis. Sai magunguna, musamman tramadol da codeine da duk wani maganin barci ko giya, haɗa su da wannan ƙwayar yana iya tsayar da numfashi, har hukumar magunguna ta Amurka FDA ta sa a rubuta gargaɗi mafi tsanani a kan haka a 2016. Ko maganin da ba a zata ba irin clarithromycin da ketoconazole, waɗanda ake sha don kashe ƙwayoyin cuta, da wasu magungunan HIV suna hana hanta fitar da triazolam da midazolam, sai su taru a jini. Tsofaffi da yara kuma wani lokacin maimakon su natsu sai su birkice.

Ranar aikin sai da babban mutum da zai raka ki ya maido ki gida ya zauna da ke. Awa 24 ba tuƙi, ba girki a kan wuta, ba sa hannu a wata takarda mai muhimmanci, ba renon jariri ke kaɗai, ko da kin ji kamar kin wartsake, musamman diazepam da kan kwana biyu ko fiye bai gama fita daga jiki ba.

Ni a ganina, ga mai tsoro irin naki da aikinta bai wuce haƙori ɗaya ba, ki fara tambaya ko suna da iskar nan da ake shaƙa ta hanci, nitrous oxide, wadda wani likitan haƙori ɗan Amurka mai suna Horace Wells ya fara cire haƙori da ita tun 1844. Ana iya ƙarawa ana iya ragewa, kuma da an cire abin hancin cikin 'yan mintuna ta fita. In babu ita ko ba ta isa ba sai a zo kan ƙwaya. Kuma ki nemi zuwan farko ya zama na magana da dubawa kawai, ku yi yarjejeniya da likitan cewa da kin ɗaga hannu zai tsaya, ki sa abin sauraro a kunne tunda ƙarar injin ce ta fi tayar miki da hankali.

Amma fa in kumatunki ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko bakin ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta fara yi miki wuya, kar ki jira wani shiri, ki tafi asibiti a ranar.