Ɗanyen nama ga karen gadi: a ba shi haka, ko a ɗora tukunya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da karen gadi a gidana a Kaduna, Alseshan ne ruwa biyu, watansa biyar. Tun da na karɓo shi abincin buhu nake saya masa, amma yanzu kuɗin ya fi ƙarfina. Na ga bidiyoyi a Facebook da TikTok, Turawa suna ba karnukansu ɗanyen nama da ƙashi, suna cewa shi ne abincin kare na asali. Wani abokina kuma ya ce yana sa kare ya yi zafi. Akwai mahaucin da muke mutunci da shi, ya ce zai riƙa tara mini huhu da hanta da tumbi da kawunan kaji a kan kuɗi kaɗan. Ina da yara uku, ƙaramar tana rarrafe. Yaya zan sauya masa abincin ba tare da ya yi zawo ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Ka riƙe mahaucin nan naka da kyau, ka karɓi abin da zai tara maka, amma ka dafa kafin ka ba karen. Abin da ya sa na ce haka yana cikin tambayarka: yarinyar da ke rarrafe. Zawon kare abu ne da za mu iya magancewa cikin kwana biyu. Abin da zai riƙa zubarwa a tsakar gidanka in yana cin ɗanyen kayan ciki, shi ne ya fi damuna.

Bari in fara da huhun. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata da sassafe lokacin da ake duba nama, ya ga yadda wani lokaci ake samun ƙulli a jikin huhu ko hantar tunkiya, ko saniya, ko raƙumi. Ƙullin yakan kai girman ƙwai, wani har lemo. In aka tsaga shi da wuƙa sai ruwa garai-garai ya tsarto, a ƙasansa kuma ka ga wasu farare-farare kamar yashi. Kowace ƙwayar yashin nan kan tsila ne, yana jiran cikin kare. Mahauci yakan yanke wurin ya wurgar gefe, karnukan da ke zagaye kwatar su wawashe. Bayan kamar sati shida zuwa bakwai, tsilar ta girma a hanjin karen, ta fara zuba ƙwai a cikin kashinsa. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, karen kuma ba ya nuna alamar komai. Yana cin abincinsa, yana haushinsa. Ƙwayayen, waɗanda ido ba ya gani, suna manne a gashinsa, a bakinsa, a ƙasar da ya yi kashi, kuma suna iya yin watanni da ransu a wuri mai laima da inuwa. Yaro ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan. Irin ƙullin nan da aka gani a hantar tunkiya sai ya fara tsirowa a hantarsa ko huhunsa, yana girma a hankali, shekara da shekaru ba a sani ba, har ranar da ciki ya kumbura ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sunan cutar haidatid, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Tafasa tana kashe abin da ke cikin ƙullin nan. Duk da haka, huhu ko hantar da ka ga ƙulli a jikinta, kada ma ta shiga tukunya, a ƙone ta ko a binne da zurfi.

Haka kan tunkiya ko na akuya ɗanye. Akwai wata tsilar da ƙullinta ke zama a ƙwaƙwalwar tumaki, ita ce ke sa ka ga tunkiya tana ta juyi wuri ɗaya. Ita ma ta cikin kare take bi. In kana da ragon layya ɗaure a gida, ka ga shi ma abin ya shafe shi.

Yanzu bidiyoyin da ka gani. Wannan salo ya yi ƙarfi ne bayan 1993, lokacin da wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, ya fitar da littafi yana kira a mayar da kare kan ɗanyen nama da ƙashi. Hujjar masu bin sa ita ce kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya girki. Asalin nasu ɗaya ne, wannan gaskiya ne, amma kare ya yi dubban shekaru a gindin murhun ɗan Adam har cikinsa ya sauya. A 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun nuna cewa ƙwayar gadon da ke taimakawa wajen narkar da sitaci, kyarkeci guda biyu yake da ita, kare kuwa daga huɗu har zuwa talatin. Wato tuwo da shinkafa ba baƙin abu ba ne a cikin kare. Mafarautanmu sun daɗe da sanin haka a aikace.

Ba zan ce masu ba da ɗanyen ƙarya suke yi a komai ba. Kashin karen yana raguwa ya yi tauri, gashinsa yakan yi sheƙi saboda kitse, kuma yana cin abincin da marmari. Amma duk wannan kana samun sa da dafaffen nama. Sannan naman da kake gani a bidiyon, daga yanka har kwanon kare bai fita daga sanyi ba. Duk da wannan gata, da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin karnuka da kyanwoyi tsakanin 2010 da 2012, ta sami ƙwayar cutar salmonela a 15, ta listeriya mai cutar da mutum a 32. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan ba da ɗanyen nama. To ina ga tumbin da aka yanka da asuba, ya wuni a kan tebur ƙuda na bi, ya iso gidanka da la'asar a cikin leda a watan Afrilu? A zafi irin namu wasu ƙwayoyin cutar suna ninka kansu duk minti 20. Firiza kuma ba ta kashe salmonela, kwantar da ita kawai take yi, in aka ɗauke wuta ta narke ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kare babba mai lafiya sau da yawa yana shanye wannan bai kwanta ba, amma yana zubar da ƙwayoyin a kashinsa na kwanaki. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, da mace mai ciki, da tsoho, su ne ke kwana a asibiti.

Kawunan kajin ma ka tambayi daga inda suka fito. In na kajin da aka yanka aka fige don sayarwa ne, babu laifi, a dafa. In na waɗanda suka mutu a gona ne aka kwaso da araha, kada ka karɓa ko kyauta ne. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a 2006, a jiharku ta Kaduna, kuma tun daga nan takan dawo. A watan Yulin 2023 an tabbatar da cutar antaraks a wata gona a yankin Suleja. Mushe kowane iri ne, dafaffe ko ɗanye, ba abincin karen gida ba ne.

Maganar abokinka cewa ɗanyen nama yana sa kare zafi, babu ita. Zafin kare yana daga irinsa da horon da ya samu. Abin da mutane ke gani shi ne karen da ke gurnani a kan ƙashinsa don kada a ƙwace, kuma wanda zai fi kusantarsa a wannan lokaci ɗanka ne, ba ɓarawo ba.

Akwai abu na biyu da nake so ka ba shi muhimmanci, domin ko ka dafa naman bai warware shi ba. Kwikwiyo ɗan wata biyar, kuma irin manyan karnuka, yanzu yake gina ƙashi. Jikinsa yana son sinadaran gina ƙashi, kalsiyam da fosfaras, kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan ɗara. Tsoka da huhu da hanta kuwa cike suke da fosfaras, ya ninka kalsiyam ɗin da ke cikinsu sau goma ko fiye. In jini ya rasa kalsiyam, daga ƙashi jiki yake ɗebowa. An taɓa kawo mini wani kwikwiyo a bayan mota a kan buhu, sa'an naka. Mai shi yana ƙaunarsa sosai, kullum tsoka zalla yake saya masa, yana ganin gata ya yi masa. Gashinsa luwai-luwai, amma ƙafafunsa na gaba sun gwame, in ka taɓa bayansa sai ya yi ƙara. Daga dakalin ƙofar gida kawai ya diro cinyarsa ta karye. Da muka ɗauki hoton ƙashin, ɓawonsa siriri ne kamar takarda. Ya warke bayan an gyara abincin, amma ƙafar ba ta miƙe ba.

Kishiyar wannan ma tana faruwa. Kwikwiyon babban iri ba ya iya zubar da kalsiyam ɗin da ya yi masa yawa, sai ya ɓata masa gaɓoɓi. Don haka in har aljihu zai iya, ka daure rabin abincinsa ko fiye ya ci gaba da zama na buhu, na 'yan kwikwiyo, har ya cika shekara. Ragowar ka cike da dafaffen na gida. Ko hakan ma zai rage maka kuɗin da kake kashewa sosai. Kuma kada ka barbaɗa garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyam a kan na buhun, an riga an auna masa.

Na gidan kuwa ga yadda za ka yi. Kamar rabin kwanon ya zama nama: tumbi, zuciya, huhu mai tsabta, guntayen tsoka, wani lokaci dafaffen ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya. Hanta kaɗan, kada ta wuce kashi biyar cikin ɗari na abincin, domin bitamin A ɗin da ke cikinta in ya taru yana sandarar da ƙashin wuya da na baya. Ɗaya rabin shinkafa, ko tuwon masara, ko dankalin Hausa, da ɗan kabewa ko karas ko alayyafo. A tafasa naman har cikinsa ya daina ja, romon kuma a zuba masa a kan tuwon. Ɓawon ƙwai kada a zubar: a wanke, a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a sa rabin ƙaramin cokalin shayi a kowane rabin kilo na abincin gidan. Tukunyarsa daban, ba albasa, ba tafarnuwa, ba yaji, ba magi. Albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, shi ya sa ragowar miyar gida ba ta dace da shi ba ko da tuwon ya dace. Ka kuma kai shi wurin likitan dabbobi a auna nauyinsa a rubuta maka maganin ƙarin bitamin da ma'adinai. Da Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta duba tsarin girkin karnuka guda 200 a 2013, kashi 95 cikin ɗari akwai abin da suka gaza a kai, don haka ba na so ka ɗauka wannan kwanon ya cika shi kaɗai.

Ƙashi dafaffe, musamman na kaza, kada ya kusance shi. Yana tsagewa ya yi tsini, ya soke maƙogwaro ko hanji. Kawunan kaji da ƙafafu sai dai a dafa su lugub a daka, ko a niƙa, har ba wani abu mai kaifi da yatsa zai ji. Babban ƙashin ƙafar sa kuma, wanda ake ganin ya fi aminci, shi ne ke fasa babban turmin sama na kare.

Sauyin da ka tambaya, a yi shi cikin kwana bakwai zuwa goma. Kwana biyu ko uku na farko kashi ɗaya cikin huɗu na sabon, a gauraya da tsohon. In kashinsa bai sake ba, a kai rabi. Kai da za ka tsaya a rabi, nan ka isa. Ka fara da nama iri ɗaya, kamar tumbi da shinkafa, sai bayan kwanaki ka shigo da hanta, domin ita ce ta fi saurin sakin ciki. A shekarunsa sau uku a rana ya dace. Abin da bai cinye ba cikin minti 20 a ɗauke, a wanke kwanon da sabulu a wurin da ba a wanke-wanken gida, soson ma nasa daban. In ciki ya ɗan sake, ka koma matakin baya ka jira kwana biyu. In kuwa ka ga jini a kashin, ko amai a kai a kai, ko ya kwanta ya ƙi ruwa, kada ka ɗora wa abinci laifi ka zauna jira. A wannan shekarun cutar fabo tana kashe kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan, a kai shi asibitin dabbobi a ranar, tare da katin allurarsa.

In har ka riga ka fara ba shi ɗanyen huhu ko hanta, ko yana fita yawo inda zai iya tsintar su, ka nemi maganin tsutsa mai ɗauke da praziquantel, domin da yawa daga cikin magungunan tsutsar da ake sayarwa ba sa taɓa wannan tsilar. A ba shi daidai nauyinsa, a maimaita duk wata uku. Maganin yana kashe tsilar amma ba ya kashe ƙwayayen da ta riga ta ɗauka, saboda haka kwana biyu zuwa uku bayan an ba shi, a ɗaure shi wuri ɗaya mai siminti, a kwashe kashin da shebur a ƙone ko a binne, a kwarara wa wurin tafasasshen ruwa. Yarinyar kada a ajiye ta a wannan ɓangaren tsakar gidan sai ya bushe.