Ku Tambaya Mu Amsa: Mi ya sa ake ce ma Inugu garin kwal?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne, ina kai albasa Inugu, kullum sai in ji ana kiranta garin kwal amma ni ban taɓa ganin ko buhu guda ba. Wai mi ya kawo sunan? Daga mai karatunku a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ai kwal ɗin ne ya haifi garin baki ɗaya. Turawa suka gano shi a tsaunukan Udi da ke daf da Inugu a 1909, suka fara haƙa, suka ja layin dogo har Fatakwal don fitar da shi, sannan aka gina ma lebura bariki, shi ne unguwar Coal Camp da har yau take nan, yanzu kayan gyaran mota ake saidawa wurin, wataƙila ma ka taɓa sayen fulogi can baka sani ba.

A 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan mahaƙa masu yajin aiki a ramin kwal na Iva Valley da ke Inugu, mutum 21 suka mutu, abin da ya ƙara hura wutar neman 'yancin kai.

Daga baya jirgin ƙasa ya koma shan dizal, fetur ya fito, ga yaƙin basasa, ramukan kwal ɗin suka zama kufai, kuma a ganina an yi sakaci da basu zama gidan tarihi ba.

Af, magajin garin Inugu na farko ma ɗan ƙasar Sakkwato ne, Malam Umaru Altine, a shekarun 1950.