Wai da gaske akwai injin MRI da ake turawa har bakin gado?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce sai an yi mata hoton MRI, kuma garinmu babu, sai mun yi tafiyar kusan awa biyar. Sai ga shi na ga wani bidiyo ana turo injin MRI ɗan ƙarami mai taya har gefen gadon mara lafiya, an jona shi a soket kamar firji. Da gaske ne ko dai irin bidiyon AI ɗin nan ne? In gaskiya ne me ya hana a kawo mana? Daga wani ɗan'uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri kan ɗawainiya.

Bidiyon da ka gani ina kyautata zaton na gaske ne, don injin yana nan, sunansa Swoop, wani kamfanin Amurka mai suna Hyperfine ne ya ƙera shi, hukumar FDA ta can, mai kula da magunguna da kayan asibiti, ta ba shi izini a 2020. Nauyinsa ya ɗan haura kilo 600, yana da tayoyi, kuma eh a soket ake jona shi. Amma hoton kai kawai yake ɗauka, kuma hotonsa bai kai na babban injin ba, yanzu zan faɗa maka dalili.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne MRI ɗin nan gidan rediyo ne da akwatin rediyo a haɗe wuri guda. Jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne, a cikin ruwan akwai haidurojin, kuma ƙwayar haidurojin tana da ɗabi'a irin ta ɗan mitsitsin mayen ƙarfe. In aka shigar da mutum cikin babban mayen ƙarfe sai waɗannan ƙwayoyin su karkata su fuskanci gefe ɗaya, sai injin ya buga musu sigina ta rediyo su kauce, da an yi shiru suna komawa yadda suke sai su ma su maido da tasu siginar, ita ce ake saurara da eriya kwamfuta ta juya ta ta zama hoto. Babu haske mai cutarwa irin na eksire a ciki. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun ci kyautar Nobel a 2003 kan wannan aikin.

To matsalar ita ce amsar da jiki yake bayarwa raɗa ce ba magana ba. A injin asibiti na yau da kullum mai ƙarfin tesla 1.5 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin mayen ƙarfe), wanda ya ninka maganaɗisun duniya kusan sau 30,000, a cikin ƙwayoyi miliyan ɗaya kusan biyar ne kacal rarar da ake jin muryarsu. Shi ya sa shekara da shekaru injiniyoyi ba su da wata waƙa sai a ƙara ƙarfin mayen ƙarfe, daga 1.5 aka je 3, aka je 7, a Faransa ma akwai wani mai suna Iseult mai tesla 11.7, nauyinsa tan 132, a 2024 suka fitar da hotunan ƙwaƙwalwar mutane na farko da shi.

Kuma wannan ƙarfin ba a banza yake zuwa ba. Wayar da ake naɗawa a ciki haɗin ƙarfen niyobiyam ne da taitaniyam, ba ta aiki sai an jiƙa ta cikin ruwan iskar hiliyam mai sanyin 269 ƙasa da sifiri, tsofaffin injina suna shan lita sama da dubu, kuma akwai na'urar sanyaya da dole ta yi ta aiki dare da rana ko babu mara lafiya ko ɗaya. Kai ka san halin wutarmu. In aka ɗauke ta ta daɗe janareta ma ya ƙi, hiliyam ya fara tsiyayewa, kafin a samo wani daga waje a kawo injiniya ya sake tayar da injin an yi watanni ɗakin a kulle. Ni kaina na taɓa shiga wani asibiti na tarar da irin wannan injin ya zama wurin ajiye kwalaye, wallahi ranar ban iya cin abincin rana ba. Yanzu Philips suna da wanda lita 7 kawai yake buƙata a rufe ruf, Siemens ma suna da wanda bai kai lita ɗaya ba, wannan ci gaba ne sosai amma har yanzu manyan injina ne masu son ɗaki nasu da tsayayyiyar wuta.

Masu ƙaramin injin sai suka juya akalar gaba ɗaya. Suka ce a bar hiliyam, a ɗauko mayen ƙarfe na dindindin irin dangin wanda ke cikin sifika da injin keken lantarki. Swoop tesla 0.064 ne, wato na asibiti ya ninka shi sau 23 da wani abu. Raɗar da dama da ƙyar ake ji ta ƙara yin ƙasa kenan.

Nan ne wurin da ni ya fi burge ni, don aikin masu ilimin sadarwa ne tsantsa. Zangon da jiki yake amsawa a kai ya danganta da ƙarfin mayen ƙarfen, kowace tesla ɗaya kusan megahas 42.6, megahas ɗin nan su ne lambobin da kake gani a jikin rediyon FM. Injin 1.5 yana kan 64, ƙasa kaɗan da tashoshin FM. Shi kuwa ƙaramin yana wajen 2.7, can unguwar gajeren zango, kuma duk wanda ya taɓa murɗa rediyo da daddare yana neman tasha ya san irin shuuu da ƙarar da ke wurin, caja tana zuba nata, inbata tana zuba nata, fitila ma haka. Babban injin ana gina masa ɗaki a lulluɓe da jan ƙarfe don kar hayaniyar waje ta shigo, amma wanda za a tura cikin ɗakin marasa lafiya ina zai samu wannan gatan?

Dabarar kamar mai ɗaukar karatun malam ne ga janareta yana ruri a gefe. Sai ka sa makirfo ɗaya gaban malam, wasu kuma ka jera su wajen janaretan, daga baya ka cire abin da na wajen suka ji daga na gaban malam, murya ta fito. Haka suke yi, ƙananan eriyoyi a jikin injin ba abin da suke saurara sai hayaniyar ɗaki, kwamfuta ta koyi yadda hayaniyar take shiga babbar eriyar ta zare ta. Tawagar Farfesa Ed Wu a Jami'ar Hong Kong sun nuna haka a 2021 da injin ɗaukar hoton kai mai tesla 0.055 ba tare da ɗakin jan ƙarfe ba, sun ƙiyasta kayan haɗa shi ba su kai dala 20,000 ba, sai a 2024 suka fitar da na jiki gaba ɗaya a mujallar Science, wutar da yake ja yana aiki wat 1,800, kamar dai hitar dafa ruwa.

Wani abu da mu mutanen zafi ya kamata mu lura, mayen ƙarfe na niyodimiyam ƙarfinsa yana raguwa in ya ɗau zafi, kusan kashi 0.1 cikin ɗari a kowane digiri. Kamar ba komai ba ko? Amma tunda zango yana bin ƙarfi, tashar ce take gocewa ana tsakiyar ɗauka. Ka ƙiyasta ɗakin da ba AC a Sakkwato watan Afrilu. Mutanen Hong Kong a injinsu na farko samariyam da kobal suka yi amfani da shi, wanda zafi bai cika damunsa ba.

A Afirka kuma ba labari ba ne kawai. An yi aiki da Swoop a asibitin Queen Elizabeth na Blantyre a Malawi. Wanda ya fi kwanta mini ma shi ne na Yuganda, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Mbarara da abokan aikinsu na Leiden a Holan suka jera dubban ƙananan mayen ƙarfe masu kama da dunƙulen magi a cikin zobba suka haɗa injin a can Mbarara cikin ƙasa da sati biyu, babban burinsu yaran da ruwa ke taruwa a kansu kai ya yi ta girma. Wannan ciwon ba ya buƙatar hoto mai ƙyalli, likita so yake ya ga ina ruwan yake kuma yaya yawansa.

Sai dai kar in yi maka daɗin baki. Masu bincike a Jami'ar Yale sun gwada Swoop kan masu zubar jini a ƙwaƙwalwa, ya gano kusan kashi 80 cikin ɗari, ma'ana a cikin biyar ɗaya yana iya wucewa, kuma ƙanana ne suka fi kuɓuce masa. Sannan AI ɗin da ake gyara hoton da shi ni ina ɗari-ɗari da shi, don abin da ya koya daga dubban hotuna yake cikasawa da shi, hoto zai iya fitowa tas alhali ɗan tabon da ake nema an shafe shi. Batun me ya hana a kawo kuwa, da dala ake saye, sai an samu mai gyara a kusa, sai kuma likitan da ya saba karanta irin wannan hoton mai hazo-hazo.

Game da Mama, don Allah kar ku tsaya jiran wannan injin. Ku koma wajen likitan ku tambaye shi ko hoton CT, wato wani irin eksire da kwamfuta ke haɗawa, zai wadatar a yanzu, don a shanyewar ɓarin jiki sau da yawa da shi ake farawa a gane jini ne ya zuba ko jijiya ce ta toshe, maganinsu ya sha bamban, kuma CT ya fi sauƙin samu. In ya ce lallai MRI yake so to ku kira wurin tukunna ku tabbatar injin yana aiki kafin ku ɗora ta a mota, kuma ku gaya musu in tana da wani ƙarfe a jiki, ko na'urar bugun zuciya ko wanda aka sa mata a wani tsohon aiki.