Tsohuwar ƙwayar hawan jini da abin da ya sa na hana ka miƙa ta

Ɗana, jiya bayan la'asar, da dattijon nan mai tsohon kwalin Brinerdin ya fita, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka nemo masa maganin, alhali ya ce shekara da shekaru yana shan sa kafin yaƙi ya koro su daga birnin Madani zuwa nan Gadarif a ƙasar Sudan. Ka ƙara da cewa ka ji daga saiwar itace aka samo shi, don haka a ganinka ya fi ƙwayoyin zamani sauƙi a jiki. Saidaliyya, wato kantin maganinmu, ta cika a lokacin, ban samu sukunin amsa maka yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna da daren nan na rubuta maka.

Batun saiwa gaskiya ne. Abubuwa uku ke cikin kowace ƙwayar Brinerdin, akwai maganin sa fitsari, akwai wani mai buɗe hanyoyin jini, sannan akwai resafin miligiram 0.1, wanda za ka ga an rubuta shi Reserpine a jikin kwali, kuma a kansa tambayarka take. Asalinsa wani ɗan tsiro ne na ƙasar Indiya da masana ke kira Rauwolfia serpentina, su kuwa mutanen can sarpagandha suke ce masa, kuma masu maganin gargajiyarsu sun daɗe suna ba da saiwarsa ga wanda maciji ya sara, da mai rashin barci, da mai taɓin hankali. A 1931 wasu likitocin Indiya biyu, Sen da Bose, suka rubuta cewa saiwar tana saukar da jini, a 1949 Dakta Vakil na Bombay ya wallafa nasa binciken a Ingila, sannan a 1952 masana na kamfanin Ciba a birnin Basel na Siwizalan suka ware sinadarin shi kaɗai, aka fara sayar da shi da sunan Serpasil. Akwai ɗan'uwan wannan tsiro a dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Rauvolfia vomitoria, kuma daga gare shi ma an riƙa tatso maganin. Ka lura da abu guda a cikin wannan tarihi: saiwar da ke kwantar da mahaukacin da ya gagari mutane ta isa har ƙwaƙwalwa ke nan, kuma abin da ya isa can ba a kiransa mai sauƙi don kawai daga ƙasa aka tono shi.

Ba na so ka raina shi kuma. A 1967 an fitar da sakamakon wani gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a kan maza 143 masu hawan jini mai tsanani, inda aka bai wa kusan rabinsu haɗin da ya ƙunshi resafin, sauran aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Mutum 27 daga cikin waɗanda ba su sami magani ba suka gamu da babbar matsala, a ɗaya ɓangaren kuwa mutum 2 kacal. Wannan gwaji yana daga cikin abubuwan da suka tabbatar wa likitoci cewa saukar da jini yana kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya.

Idan ka fahimci yadda yake aiki, ba sai ka haddace illolinsa ba, da kanka za ka lissafo su. A ƙarshen jijiyoyin da ke umartar hanyoyin jini su tsuke, zuciya kuma ta ƙara sauri, akwai wasu 'yan jakunkuna da jiki ke tara sinadarin noradirinalin a ciki, kamar yadda manomi ke tara dawa a rumbu. Resafin ƙofar rumbun yake toshewa, abin da aka hana shiga ya lalace a waje, wanda ke ciki kuma ya yi ta raguwa har rumbu ya koma wayam. Daga nan hanyoyin jini su saki, bugun zuciya ya lafa, jini ya sauka. Toshewar nan ba ta warwarewa, sai jiki ya ƙera sababbin ƙofofi, kuma wannan yakan ɗauki kwanaki har makonni. Saboda haka maganin yana da nawar kamawa, cikakken aikinsa kan kai mako biyu zuwa uku kafin ya bayyana, yana kuma da nawar saki bayan an daina sha. A bakin kanta za ka ga amfanin sanin wannan. Wani zai sha kwana uku, ya auna jini ya ga bai sauka ba, ya ninka ƙwaya da kansa. Wani zai daina sha, ya auna bayan mako ya ga jini lafiya lau, ya ce ai ya warke, alhali saurar maganin ce ke riƙe da shi. Alherin da ke cikin wannan nawa shi ne sau ɗaya ake sha a rana, wanda ya manta na yini guda kuma jininsa ba ya yin tsalle.

Illar da za ka fi gani ita ce toshewar hanci. Mutum zai zo ya ce mura ta ƙi barinsa wata biyu, babu zazzaɓi, babu tari, ya ɗora laifin a kan ƙurar sussukar riɗi, ya nemi maganin buɗe hanci. Kada hannunka ya riga bakinka, ka tambaye shi abin da yake sha na hawan jini, domin yawancin magungunan buɗe hanci suna iya ɗaga jinin da ake fama a saukar. Yana kuma ƙara tsamin ciki da motsin hanji, shi ya sa ba a ba mai gyambon ciki ko mai gyambon hanji, kuma wasu sukan yi zawo. Akwai jiri idan mutum ya miƙe da sauri, wanda tsofaffinmu sukan fara lura da shi lokacin tasowa daga sujada, kuma ya fi tsanani a zafin bazara ko da azumi, musamman da yake an haɗa shi da maganin sa fitsari. Bugun zuciya yana raguwa, don haka haɗa shi da maganin zuciyar nan digozin sai da idon likita. Mai ciki da mai shayarwa ka mayar da su wurin likita kai tsaye, domin yana ratsawa zuwa ga jariri, ana iya haifarsa da toshewar hanci da kasala. Maza kuwa wasu ƙarfinsu na iyali yana raguwa, kuma ba za su faɗa maka a gaban jama'a ba, sai dai su daina sha shiru, don haka ka koyi jan mutum gefe.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da yake yi a ƙwaƙwalwa, domin ba rumbun noradirinalin kaɗai yake kwashewa ba, har da na dofamin da sirotonin. Raguwar dofamin ce ke kawo rawar hannu da sandarewar jiki irin ta ciwon Fakinsan, ragowar kuma su ne ake dangantawa da yawan barci, da munanan mafarkai, da ciwon damuwa. Ina saurayi kamarka na ga wannan da idona. Akwai wani manomi, mutum mai raha wanda idan ya shigo sai kowa ya yi dariya, da aka ɗora shi a kan resafin mai yawa. Bayan wata uku matarsa ce ta fara zuwa karɓar magani a madadinsa, ta ce mini malam ya daina fita gona, yana zama a zaure ya ƙura wa bango ido, abinci sai an matsa masa, da asuba kuma ta same shi yana hawaye. Sun riga sun yi rubutu da turare, suna zaton sammu ne ko iska. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai ce komai ba sai da ya karɓi kwalin ya duba, sannan ya rubuta 'yar takarda zuwa ga likita. Aka canja magani, amma sai da aka shafe makonni kafin mutumin ya dawo yadda muka san shi, saboda nawar sakin da na gaya maka. Irin wannan damuwa tana iya kai mutum ga tunanin halaka kansa, shi ya sa duk wanda ya taɓa yin ciwon damuwa ba a ba shi wannan magani ko kaɗan.

Adalci shi ne in gaya maka cewa a shekarun 1950 ana ba da rabin miligiram ko ɗaya ko fiye a rana, masu taɓin hankali ma fiye da haka nesa, kuma daga wancan zamani mummunan sunansa ya samo asali. Daga baya aka gane cewa 0.05 zuwa 0.25 ya wadatar idan an haɗa da maganin sa fitsari, kuma a wannan awo damuwar ba ta cika faruwa ba. A ra'ayina maganin bai cancanci duk tsanar da aka yi masa ba, sai dai tun da akwai irin su amlodifin da lisinofiril da ba sa taɓa hankalin mutum haka, ban ga dalilin fara sabon majiyyaci da shi ba. Wannan awo ne kuma ya sa nake ƙin garin saiwar da wasu ke sayarwa a matsayin maganin gargajiya, domin kashi ɗaya cikin goma na miligiram ba a auna shi da cokali ko da yatsu uku, kuma ƙarfin wannan saiwa ba ɗaya yake da na waccan ba.

Shi kuwa dattijon jiya, ka tuna ya ce rabonsa da ƙwayar tun kafin damina, ke nan babu sauranta a jikinsa, kuma wanda ya ba shi yanzu sabon fari ya yi masa ba tare da takardar likita ba. Ka tuna hannunsa na dama yana rawa lokacin da yake miƙo kwalin, sannan kafin ya fita ya tambayi maganin zafin ciki. Da na tambaye shi iyali, ya sunkuyar da kai ya daɗe bai amsa ba, kuma mutumin da ya baro gidansa da dukiyarsa a halin yaƙi ba sai an gaya maka abin da ke zuciyarsa ba. Ya ce zai dawo ranar Asabar. Idan ya zo ba na nan, ka ba shi kujera ya huta minti biyar, ka auna jininsa yana zaune sannan yana tsaye, ka ƙirga bugun zuciyarsa, ka tambaye shi barcinsa da cin abincinsa cikin ladabi, ka rubuta duka a takarda tare da sunan tsohon maganin da rawar hannun da ka gani, sannan ka sa ɗansa ya raka shi wurin likita a ranar.