Waƙar Japan Mai Kiɗan Disko: Kwaikwayo Ce Ko Fasaha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kwanan baya na ci karo da wata tsohuwar waƙar Japan mai suna Plastic Love a YouTube, kuma tun daga ranar na kasa daina saurarenta, alhali ba na jin ko kalma ɗaya ta Japananci. Yayana ya ce ba komai ba ce illa kwaikwayon kiɗan Amurka. Shin gaskiya ya faɗa? Daga wata ɗaliba a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Yayanki ya faɗi rabin gaskiya, amma sauran rabin shi ne ya fi muhimmanci. Mariya Takeuchi ce ta rubuta waƙar kuma ta rera ta, ta fito a faifanta mai suna Variety a shekarar 1984, mijinta Tatsuro Yamashita kuwa shi ya tsara kiɗan. Mawaƙiyar ta yi shekara guda tana karatun sakandare a jihar Illinois ta Amurka, shi kuma mijin ya daɗe yana nazarin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, don haka ba abin mamaki ba ne a ji ƙamshin wannan kiɗa a aikinsu. A wancan zamani tattalin arzikin Japan yana bunƙasa, matasan Tokyo suna yawo da kaset a mota da na'urar kaset ta aljihu mai suna Walkman wadda kamfanin Sony ya fitar a 1979, kuma irin kiɗan da ya dace da wannan rayuwa shi ake kira City Pop, wato kiɗan birni.

Shawarata ita ce ki saurari waƙar sau uku, kowane karo ki bi abu guda. Da farko ki bi ganga da jitar bas, domin su ne ƙashin bayan waƙar, kuma daga kiɗan fank da disko, wato kiɗan rawa na Amurka, aka ɗauko takunsu. A karo na biyu ki kasa kunne ga ƙaramar jitar da ke yanka sauti gajere-gajere a tsakanin bugun ganga, da kayan busa da na goge da ke shigowa su fita ba tare da sun danne juna ba. Karo na uku kuwa na muryar ne, kuma a nan ne nake ganin hujjar yayanki ta yi rauni. Mawakan disko na Amurka sukan ɗaga murya su cika fili, ita kuwa Takeuchi tana rerawa a natse, cikin kamun kai irin na waƙoƙin ƙasarta, kamar mai ba da labarin da ba ta so a ga hawayenta.

Labarin ma na baƙin ciki ne. Mace ce da ta rasa wanda take ƙauna da gaske, sai ta mayar da soyayya wasa, tana kwana a gidajen rawa don ta manta. Kiɗan yana kiran mutum ya taka, kalmomin suna faɗin kaɗaici, kuma wannan saɓani da gangan aka gina shi. Wanda ya kwaikwaya kawai ba ya iya sa kayan aro su faɗi abin da ke ransa haka.

Rashin jin harshen kada ya dame ki, domin iyayenmu sun shekara da shekaru suna son waƙoƙin finafinan Indiya ba tare da sun iya Indiyanci ba. Ke ma ba ke kaɗai ba ce: lokacin da aka fitar da waƙar ita kaɗai a 1985 ba ta yi wata kasuwa ba, sai a 2017 da wani ya ɗora ta a YouTube miliyoyin mutane a faɗin duniya suka gano ta. Idan kina son ƙari, ki nemi faifan Yamashita mai suna For You na 1982, za ki ji hannun da ya tsara wannan kiɗa a aikinsa na kansa.