Za mu ɗauki hoton iyali bayan Sallah: me ya kamata mu shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu 17 ne za mu haɗu a gidanmu na Zariya kwana biyu bayan Sallah, har da kakarmu da ta haura shekara 80, da yara biyar, ƙaraminsu bai cika shekara biyu ba. Mun yi magana da mai hoto zai zo gida. Bara da waya muka ɗauka, fuskoki suka yi duhu, yara kuma sai kuka. Yaya za mu shirya? Anko za mu yi ko kowa ya sa nasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Kin tambayi anko, zan zo kansa, amma bari in fara da Hajiya da yaran, domin su ne za su gyara hoton nan ko su ɓata shi.

Na taɓa zuwa wani gida ɗaukar hoto aka ce ƙarfe huɗu. Tsohuwar gidan ta shirya tun bayan azahar, tana zaune a kan kujera da carbinta, 'yan mata suna ɗaki suna ɗaurin kallabi. Ba su fito ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Kafin nan bayanta ya ƙage, idonta ya yi nauyi, kuma haka ta fito a hoton. Har yau abin yana damuna. Tun daga ranar, da na shiga gida nake fara ɗaukar tsoho shi kaɗai, sannan shi da jikoki, kafin a tara jama'a. Ki roƙi mai hotonku ya yi haka. Kada a fito da Hajiya sai kowa ya gama shiri, a sa mata kujera mai majingina a tsakiya, sauran su kewaye ta. Minti goma sun ishe ta.

Yaro kuwa ba ya murmushi da yunwa ko barci a ido. A ba su abinci, ƙaramin ya yi barcinsa na rana, sai a sa musu kayan ana saura kamar minti 15. Kada a ba su alewa mai launi ko zoɓo a hannu, sai an gama. Kuma don Allah iyaye su daina tsawa da "kalli nan, yi dariya!" Yaro yana jin tsawa sai ya ɗaure fuska, uwar kuma ta fito tana harararsa. Mutum ɗaya da yaran suka saba da shi ya tsaya a bayan mai hoto yana musu wasa, manya su zuba wa kyamara ido kawai.

Duhun fuskar da kika gani bara, mai yiwuwa lokaci ne ya jawo shi. Da tsakar rana haske daga sama yake saukowa, ya bar inuwa a ƙarƙashin ido da haɓa, kowa yana ƙanƙance ido. Haka ma idan aka tsaya ƙofa ko taga mai haske tana bayanku. Ku zaɓi bayan la'asar, wajen ƙarfe biyar, lokacin da rana ta yi sanyi, ko da hantsi kafin ƙarfe tara. Idan dole sai da rana, ku shiga inuwar bango ko baranda kuna fuskantar fili. Inuwar darbejiya tana yaudara, domin haske yana ratsa ganye ya yi wa fuska dabbare-dabbare.

To, anko. Ni ban fiye son mutum 17 cikin atamfa iri ɗaya ba, ido yana ɓacewa cikin zanen ya manta da fuskoki. Ku tsayar da launi biyu ko uku da suka dace da juna, misali ruwan toka, shuɗi mai duhu da ruwan madara, kowa ya nemo nasa a ciki. Hajiya ta sa abin da ranta yake so. Farar shadda mai sheƙi ita ce mafi wahala: tana mayar da haske sosai, idan aka daidaita kyamara a kanta sai fuska ta yi duhu. In maza sun nace da fari, ki sanar da mai hoto tun da wuri ya zo da fitilarsa. Yadi mai ƙananan layuka ma a guje shi, yana yin rawa a hoto. Kuma kada ku dogara da ɗinkin da bai baro wurin tela ba.

Lalle a yi shi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Hoda kada ta fi fata haske, fitilar hoto tana mayar da ita kamar toka. Maza su yi aski da gyaran fuska tun ana gobe za a ɗauki hoton, masu cin goro su yi asuwaki.

Saura magana ɗaya da mutane ke jin nauyin yi, alhali ita ce haƙƙinku. Kafin ya zo, ku daddale kuɗi, hoto nawa zai gyara, nawa zai wanke a takarda, da ranar da zai kawo. Ki faɗa masa ƙarara ko kun yarda ya sa hotonku a Instagram ko Facebook don talla, ko ba ku yarda ba. Akwai matan aure a ciki, kuma wannan ba abin da za a bari sai an gani a waya ba ne. Idan wasu ba su sake da namiji ba, akwai mata masu wannan sana'a yanzu, a nemi ɗaya. Ki kuma ce kada ya goge fuska har mutum ya sauya kama, musamman ta Hajiya.

Idan zai turo, kada ya tura ta WhatsApp yadda aka saba, domin yana matse hoto ya rage masa inganci, in an zo faɗaɗawa sai ya dushe. Ya zuba muku a filashi ko ya tura ta imel. Na Hajiya da jikokinta ku wanke babba, ku sa a firam, ku rubuta sunayen kowa da kwanan wata a bayansa.